Musayar Waƙa: Kaburburan Mazan Jiya

Jikan Saje:
Salamu alaikum. 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ta zo ta wuce. Ga nawa, amsa-amo "ya", mai iyawa ya ɗauka.

An busa bigila, an saki tantabaru,
Manya a Abuja da furanni sun taru,
An yi fareti, sahu-sahu an tsaru,
Ba mai tambayar ina aka binne mazan jiya.

Kakana saje ne, ya yi yaƙin Bama,
Kurmin Kaladan, ba a ganin rana a sama,
Ya dawo da lambobi, ana ta yi mai barka da sallama,
Yau kabarinsa makiyaya ce ta akuya.

Katangar maƙabarta ta zube tun bara,
Zaizaya ta ci gefe, damina ta ƙara,
Fasasshen tulun alama ya bi shara,
Na je ziyara, ban gane nasa ba ko ɗaya.

Malam Na-Zaure:
Sannu ɗana, kukanka na ji shi,
Sai dai gini kan kabari, mu ba mu yin shi,
Saje da kurtu, ƙasa ɗaya ke rufe shi,
Addu'a ce guzurin wanda ya bar duniya.

'Yar Lokoja:
Baba Malam, ba jayayya nake ba. Gini daban, suna daban.

Chari Maigumeri ya yi wa Jamus yaƙi a Garwa,
Lambar Gicciyen Ƙarfe suka ba shi don ƙin tserewa,
Sojan Ingila sun kama shi a 1915, ba a jima ba sai komawa,
1917 ga shi a kakin sojan Nijeriya.

A Habasha ya ƙara lamba, a Bama ya ƙara,
Samanja ne, in ya yi tsawa bariki sai ƙara,
1953 an kai shi Landan, ba a yi mai gadara,
Ya ga naɗin sarautar Sarauniya.

Barikin garinmu sunansa ne a ƙofa,
'Yan acaba na faɗinsa kullum, ba sa tofa
Ko kalma kan wane ne shi, ka ji fa,
Ka tambayi ɗan makaranta, sai ya yi dariya.

Ɗan Zangon Kumasi:
Yaya, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu ma a Gana muna da Alhaji Grunshi, sojan yaƙin duniya na farko.

Agusta 1914, a ƙasar Togo,
Shi ya fara ɗana kunama, bai yi lalaci ba ko zogo,
Harsashin farko na sojan Birtaniya.

Baitin ya gaza layi ɗaya, a yi haƙuri, haushi ne. A 2021 hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel da bakinta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu ba. Turawa kuwa an rubuta nasu a dutse.

Malam Na-Zaure:
To, kun ci ni a nan, suna haƙƙi ne,
Barin dabba ta taka mamaci ma laifi ne,
Amma matar sojan da ya faɗi a Borno, nan take zaune,
Kuɗin mijinta shiru, ga hayar ɗaki, ga maraya.

Wanda zai share ciyawa, ya fara leƙa gidanta.

Jikan Saje:
Na karɓa, Baba, duka biyun za mu yi,
Asabar da hantsi, fartanya da magirbi da shiri,
Mai unguwa ya yarda, matasa sun ce a yi,
Tsofaffi su nuna mana wa ke kwance a wace shiyya.

Za mu buɗe littafi a masallaci: suna, bataliya, inda ya yi yaƙi, shekarar rasuwa. Duk mai tsohuwar lamba ko takardar sallama a akwati ya kawo a ɗau hoto.

Malam Na-Zaure:
Buhu biyu na siminti daga aljihuna,
Na katanga ne kaɗai, ku riƙe sharaɗina,
In na ga an shafa wa kabari ko da ludayi guda na ginina,
Ku biya ni kuɗina, har da na dakon amalanke da wuya.