Wane ɗan dambe ne kambunsa ya fi ƙarfin hannunsa?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Gardama ce ta ƙi ƙarewa a fadarmu, kan damben zamani na safar hannu. Ana samun ɗan damben da tarihinsa cike yake da nasara da kambun duniya, amma in ka kalli wasansa sai ka ga hannun bai kai sunan ba. Su wa za ku saka a wannan sahu, kuma ta yaya hakan ke faruwa? A kokowarmu dai takobi ɗaya ne, sai ka kada maza kafin ka ɗauka.

Na Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Ai amsar tana cikin maganarka ta ƙarshe. Can takobin ba ɗaya ba ne. Manyan hukumomi huɗu ne, WBA, WBC, IBF da WBO, kowace da nata kambu a kowane aji na nauyi, kuma kowace tana cin kasonta daga kuɗin wasan kambu. Yawan kambu riba ce gare su.

Dubi Charles Martin. Tyson Fury ya doke zakaran duniya na ajin masu nauyi Wladimir Klitschko a Nuwamba 2015, IBF ta ƙwace kambunta daga hannunsa cikin 'yan kwanaki, aka sa Martin da Glazkov su nemi kambun da ba mai shi a Janairu 2016. A turmi na uku gwiwar Glazkov ta samu rauni, aka tsai da wasa. Ba naushi ne ya ba Martin kambun duniya ba. Kwana 85 ya riƙe shi, Anthony Joshua ya gama da shi a turmi na biyu.

Malamin Horo:
Ƙanena, kada ka tsaya kan adadin nasara, ka bi abokan karawar ɗaya bayan ɗaya. Buɗe BoxRec, shafin intanet da ke ajiye tarihin wasannin 'yan dambe, ɗauki wasanni goma kafin ya samu kambu, ka duba yadda kowane abokin karawa ya yi a wasanninsa shida na baya, shekarunsa nawa, daga wane aji aka ɗauko shi, kuma a garin wa aka yi wasan. Manaja mai wayo yakan kawo tsohon gwani da ƙafa ta mutu, ko ƙaramin da aka sa ya ƙara kilo, ko wanda aka kira saura mako ɗaya bai yi shiri ba. Haka ake tara nasara 25 ba tare da an taɓa gwada haɓar yaro ba. Ranar da ya haɗu da mai mayar da martani, sai ka ga yana ja da baya a miƙe, haɓa a sama, hannun dama ya sauka bayan kowane naushin hagu.

A wurina Nikolai Valuev ne babban misali. Tsayi mita 2.13, nauyi sama da kilo 140, sau biyu yana riƙe kambun WBA. Naushin hagu kawai yake miƙawa ya jingina nauyinsa a kan mutum har ya gaji. A Disamba 2008 aka ba shi nasara da maki kan Holyfield mai shekara 46, hukuncin da ya tada ƙura sosai. A 2009 David Haye, da ya fi shi rashin nauyi da sama da kilo 40, ya yi ta zagaye shi yana duka yana fita, ya karɓe kambun. Primo Carnera ma haka: girman jiki ya kai shi kambu a 1933, Max Baer ya yi ta zubar da shi ƙasa a 1934.

Hajiya Mai Lissafi:
Ku ƙara da Sven Ottke na Jamus: wasa 34, nasara 34, ya kare kambu sau 21, amma sau 6 kacal ya yi kisa, wato ya gama da abokin karawa kafin ƙarshen wasa. Kusan duk wasanninsa a gida ya yi. Alƙalai uku ke ba da maki, galibi 10 ga wanda ya ci turmi, 9 ga abokin karawarsa, kuma turmin da ya yi kusa yakan karkata ga wanda 'yan kallo ke yi wa shewa. Wasansa da Robin Reid a 2003 har yau ana maganarsa, saboda yadda alƙalin fili ya dinga tsawata wa Reid har ya rage masa maki. Bai taɓa karawa da Joe Calzaghe ba, wanda ke riƙe da kambun WBO a aji ɗaya da shi.

Malamin Horo:
Hajiya, a nan kam ban bi ki duka ba. Ottke ya je gasar Olamfik sau uku, ya san tazara, ya san kauce wa naushi da ƙafa, ya san lokacin riƙe mutum. Wannan iyawa ce, ko da ba ta burge mai kallo. Abin da zan yarda da shi shi ne, da an yi wasan Reid a Ingila, da wuya tarihin ya tsaya a 34 babu faɗuwa.

Ɗan Bagalam:
Madalla, na gode. To Leon Spinks fa, da ya doke Muhammad Ali a 1978 a wasansa na takwas, Ali ya rama bayan wata bakwai? Shi a wane sahu za mu aje shi?