Neman shawara: wace jakar goyo da wane abin ɗaukar ruwa suka dace da hawan Chappal Waddi?

Mai tambaya, daga Zariya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamin makaranta ne, kuma ni da abokaina huɗu mun ƙudurta, in Allah ya yarda, za mu hau dutsen Chappal Waddi a watan Janairu mai zuwa. Dutsen yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, a kan iyakar Najeriya da Kamaru, tsayinsa mita 2,419, kuma babu wanda ya fi shi tsawo a ƙasar nan. Mun tsara kwana uku a ƙafa, da kwanciya biyu a daji.

Bara na hau duwatsun Shere a Jos da jakar da nake zuba kwamfuta, na cusa manyan robobin ruwa biyu a ciki, kafin la'asar kafaɗuna sun yi tsami, na kuma yi mako guda ina fama da ciwon baya. Yanzu na ga jakunkuna biyu a wurin wani ɗan gwanjo, ɗaya mai cin lita 75, ɗaya mai lita 50, kuma zuciyata ta fi karkata ga babbar domin kuɗinsu bai bambanta sosai ba. Nauyina kilo 68 ne. Wace zan ɗauka? Sannan game da ruwa, shin in sayi salkar roba mai tiyo wadda ake sakawa cikin jaka ana zuƙa ana tafiya, ko gora ta wadatar?

Amsa daga wani mamba a Jos:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya wahalar da kai a Shere ba ƙanƙantar jaka ba ce, rashin maɗaurin ƙugu ne. An ƙera jakar hawan dutse ne domin yawancin nauyin ya sauka a ƙugu, igiyoyin kafaɗa kuwa aikinsu su hana kayan rinjaya baya, saboda haka kafin ka tambayi lita nawa jaka take ci, ka fara tambayar ko tsawonta ya yi daidai da bayanka. Ka sunkuyar da kai, ka laluba ƙashin nan da ya fi fitowa a gindin wuya, sannan ka sa wani ya auna da tef ɗin tela daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Wannan shi ne awon da kamfanoni irin su Osprey da Deuter suke bi wajen raba jakunkunansu, kuma wasu jakunkunan ana iya ɗaga mahaɗin igiyoyinsu sama ko a saukar da shi. Dogon mutum yana iya kasancewa mai gajeren baya, don haka tsayinka kaɗai ba zai gaya maka komai ba.

A kan girma kuwa, ni mai lita 50 zan zaɓa. Babbar jaka tana da wani hali: duk gurbin da ka gani sai ka ji kana son cike shi. Ƙa'idar da masu wannan tafiya suka saba bi ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jiki, wato wajen kilo 13 da rabi ke nan a gare ka, kuma tunda bayanka ya taɓa yi maka gargaɗi, gara ka tsaya ƙasa da haka. Ka tuna kowace lita ta ruwa kilo guda ce, ita kanta jakar ma takan kai kilo biyu tun ba a zuba komai ba. Wajen shiryawa, abin kwanciya ya zauna a ƙasa, ruwa da abinci su manne da tsakiyar baya, rigar sanyi da tocila su kasance a sama inda hannu zai kai da sauri, domin sanyin dare a can saman lokacin hunturu ba na wasa ba ne.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya a Jalingo:

Malam, ni a kan ruwan zan yi magana. Ba za ka iya goya ruwan kwana uku ba, dole ku riƙa ɗiba a rafuka, kuma makiyaya suna kiwo a tsaunukan nan, don haka kada hasken ruwa ya ruɗe ka, ko da ka ga tsakuwar da ke ƙasansa. Matatar ruwa irin ta kamfanin Sawyer tana tsare bakteriya da ƙwayoyin da ke kawo gudawa irin su jiyadiya, amma ba ta tsare bairos. Ƙwayar kulorin da ake jefawa a ruwa, irin Aquatabs, tana buƙatar minti 30 kafin a sha ruwan, kuma idan ruwan ya gurɓace sai an fara tace shi da ƙyalle mai tsabta. Tafasawa ta fi duka tabbas: minti ɗaya yana ɓararraka ya isa, amma idan kun haura mita 2,000 ku ba shi minti uku, domin a can ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba.

Salkar tana da amfani guda da ba na rainawa, wato mutum yakan sha kaɗan-kaɗan ba tare da ya tsaya ba, alhali mai gora a cikin jaka yakan yi ta jinkiri har ƙishirwa ta ci ƙarfinsa, musamman da iskar hunturu take busar da gumi mutum bai sani ba. Kimanin rabin lita a kowace sa'a ta tafiya ma'auni ne mai kyau, a ƙara idan rana ta yi zafi. Ka kuma tafi da ƙunshin gishiri da sukari na kemis, domin ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da gumi ya fitar.

Amsa daga wani dattijo a Gombe:

Da izinin Hajiya, ni ban cika yarda da salkar nan ita kaɗai ba. Ba ka ganin abin da ya rage a cikinta sai ka zuƙa ka ji iska, cika ta a rafi sai ka kwance rabin kayanka, kuma ranar da ta huje, bargonka ne zai sha ruwan. Sannan wa zai yi alwala da tiyo? Ɗana, idan za ka saya, ka sayi mai lita 2, ka haɗa da gora mai faɗin baki ta lita ɗaya a aljihun gefe. A gorar za ka jefa ƙwayar kulorin, a ciki za ka dama gishiri da sukari, da ita za ka yi alwala. Salkar kuwa kada ka zuba mata komai sai ruwa; na taɓa ganin wanda ya zuba zoɓo a tasa, bayan 'yan kwanaki tiyon ya yi baƙi da fumfuna, wankin duniya bai fitar da warin ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma wurin ɗan gwanjon na auna, mai lita 50 ta zauna a ƙuguna, kuma tana da aljihun salka a ciki da ƙofar fitar tiyo. Sai dai soson maɗaurin ƙugunta ya ɗan kwanta, kuma cikinta yana ɗan danƙo. Baba da sauran 'yan'uwa, wannan aibi ne da zai hana saye?

Amsa daga mamban Jos:

Danƙon alama ce cewa shafen da ke hana ruwa shiga ya fara lalacewa saboda tsufa, kuma wannan da sauƙi, sai ka shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki ka zuba kayanka. Zif ko maɓalli idan ya lalace, mai gyaran jaka zai canza maka. Soson ƙugu ne abin dubawa, domin shi ne zai ɗauki nauyin. Ka roƙi mai kayan ya bar ka ka zuba mata kilo 12, ko da robobin ruwa ne, ka ɗaure ƙugu da farko, sannan kafaɗa, sannan igiyar ƙirji, ka zagaya kasuwa na minti ashirin. Idan maɗaurin yana zamewa ƙasa ko yana cizon ƙashi, ka bar masa abarsa. Idan ta zauna, ka saya, ka hau dutsen Kufena na Zariya da ita sau biyu ko uku cike da kaya kafin Janairu, kuma ka tuntuɓi ofishin gandun dajin da ke Serti tun yanzu a kan izinin shiga da jami'in da zai raka ku, ka tambaye su rafukan da ba sa ƙafewa da rani a hanyar da za ku bi, domin amsarsu ce za ta nuna ko lita uku za ta kai ku daga wannan mashaya zuwa waccan.