Wai duk wanda ya kai wa makaranta lauya ya ɓata ɗansa?

Kawu, Nima: Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni barci. Ɗan yayata yana aji uku a wata sakandaren kwana a nan Ghana, ba zan faɗi sunanta ba. Ranar Laraba aka koro shi gida da takarda, wai an dakatar da shi sai baba ta gani. An fasa akwatin wani ɗan aji ɗaya an ɗauke masa kuɗi, wani kuma ya ce ya ga yaronmu kusa da ɗakin. Hausmasta, wato malamin da ke kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, ya tashe shi cikin dare, ya miƙa masa takarda da biro, ya ce ya rubuta cewa da shi aka yi, in ya rubuta za a yi masa sauƙi. Yaro ya rubuta. Ba a kira uwarsa ba sai da aka gama komai. Ita koko da ƙosai take sayarwa, takardar ma karanta mata aka yi. Ga WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ta matso. Da na ce zan nemi lauya, sai manyanmu suka ce duk wanda ya kai wa makaranta lauya ya ɓata tarbiyyar ɗansa da hannunsa. Ni ban yarda ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Alhaji, Sabon Zango: Wa alaikumus salam. Ni ma ina cikin waɗanda suka faɗa maka haka, kuma ban janye ba. Ka ɗauki dattijai biyu da limami, ku je ku ba hedimasta haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ranar da yaro ya ga kawunsa ya tsaya yana ja-in-ja da malaminsa, ya gama jin maganar kowa, har taka.

Kawu, Nima: Baba Alhaji, haƙurin me za mu bayar? Wanda ya ba da haƙuri ai ya amsa laifi ke nan. Yaron nan ya rantse mini bai taɓa akwatin kowa ba.

Alhaji, Sabon Zango: Wane yaro ne ba ya rantsuwa?

'Yar Legon: Baba Alhaji, ku yi mini afuwa in sa baki. Ina karatun lauya ne, ban gama ba, amma wannan kam mun karanta shi. Mutanenmu da sun ji an ce lauya sai su hango kotu da alƙali. Alhali yawancin aikin lauya a irin wannan magana wasiƙa ce da tambayoyi: mene ne ainihin abin da ake zargin yaron da shi, wa ya ba da shaida, an bar shi ya kare kansa a gaban kwamitin ladabtarwa ko ba a bar shi ba, an sanar da iyaye kafin zaman ko bayansa, kuma wace ƙa'ida ce ta ba da damar wannan hukuncin. Sashe na 23 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa hukumomi da jami'an gwamnati su yi aiki da adalci da hankali, ya kuma ba wanda aka cuta damar neman haƙƙinsa a kotu. Makarantar gwamnati tana ciki. Sannan ku duba wani abu: ko 'yan sanda, Dokar Shari'ar Yara ta 2003 ta hana su yi wa yaro tambayoyi sai da mahaifi, ko mai riƙo, ko lauya, ko ɗan'uwa na kusa a wurin. Wannan dokar ta 'yan sanda ce, ba ta hausmasta ba. Amma dalilin da ya sa aka yi ta shi ne dai abin da Kawu yake faɗa: yaron da ke cikin tsoro zai sa hannu a kan komai.

Ticha, Asawase: Daga Kumasi nake bin ku. Na daɗe ina koyarwa a sakandare kafin in yi ritaya, don haka bari in faɗi ta ɓangaren malamai. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 ɗalibai suka cika makarantu maƙil, har aka koma karatun karɓa-karɓa a 2018. Hukumar ilimi ta GES ta hana bulala. Malami guda yana kwana da ɗaruruwan samari a hannunsa, wasu sun fi shi ƙarfi. In aka ce duk wanda ya tsawata sai ya ga takardar lauya, wallahi malamai za su naɗe hannu, kuma ƙananan yara ne za su sha wuya a hannun manya. Wannan tsoron gaskiya ne, kada ku raina shi.

Amma kuma ba zan ɓoye ba. Na zauna a kwamitin ladabtarwa inda aka gama yanke hukunci tun yaron yana tsaye a baranda, shigo da shi kawai aka yi don a cika ƙa'ida. Kuma na lura, ɗan da ubansa ya iso da mota yana Turanci, a hankali ake bin maganarsa. Ɗan Zango da uwarsa ta zo a motar haya ta tiro-tiro tana share hawaye da gefen mayafi, minti goma an sallame su. Har yau akwai fuskokin da nake tunawa.

Maman Biyu, Madina: To ni ku ji tawa. 'Yata tana aji ɗaya manyan ɗalibai suka sa ta durƙuso a kan tsakuwa har gwiwarta ta kumbura. Da makaranta ta tashi hukunta wadda ta jagoranci abin, iyayenta suka zo da lauya, magana ta bi ruwa. Mu da aka cuta ba wanda ya tsaya mana. Shi ya sa in na ji ana haƙƙin yaro, haƙƙin yaro, nake tambaya: wane yaron? Shi ɗan aji ɗayan da aka kwashe wa kuɗi ba ɗan wani ba ne?

'Yar Legon: Mama, Allah ya huci zuciyarki, an zalunce ku. Amma abin da ya same ku shi ne su suna da mai tsaya musu, ku ba ku da shi. Da kun sani, da kun kai kuka CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam da aka kafa a 1993. Ba a biyan ko sidi ɗaya, ba sai da lauya ba, kuma ko da baki mutum zai iya shigar da ƙorafinsa a rubuta masa. Akwai kuma Legal Aid, hukumar da dokar 2018 ta ɗora wa alhakin tsaya wa wanda ba shi da kuɗin lauya. Lauyoyinsu ba su da yawa, ana jira, amma ƙofar a buɗe take. Masu kuɗi sun daɗe da sanin hanya. Mu ne kawai ake ce wa abin kunya ne.

Malam, Mamobi: Alhaji, da girmanka, ina da gyara kaɗan. Girmama malami wajibi ne, babu ja. Amma lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Sayyidina Ali Yaman a matsayin alƙali, ya umarce shi kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. Kuma a fiƙihunmu hujja tana kan mai da'awa ne. Iƙirarin da aka karɓa da tsoratarwa malamai ba su ɗauke shi hujja ba. Wanda ya nemi a saurari ɗansa bai fita daga ladabi ba.

Alhaji, Sabon Zango: Malam, na ji, kuma ban musa ba. Amma ku faɗa mini, wa ya taɓa ja da makaranta a ƙasar nan ya ci riba?

'Yar Legon: An yi, Baba. A 2021 makarantar Achimota ta ƙi karɓar wasu yara biyu 'yan Rasta saboda gashin kansu. Iyayensu suka je Babbar Kotu a nan Ankara (Accra), a ƙarshen watan Mayu na shekarar kotu ta ce a karɓe su.

Ticha, Asawase: Akwai kuma waɗanda ba kotu ce ta cece su ba. A watan Agusta na 2020 GES ta kori ɗalibai 14 saboda tarzomar lokacin WASSCE, ta hana su ƙarasa jarrabawa, sai da shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya sa baki aka bar su suka rubuta. A Janairun 2023 aka kori 'yan mata takwas na sakandaren Chiana saboda bidiyon da suka zage shi a ciki, nan ma shi ya nemi a sassauta. Waɗannan sun yi laifin, duniya ta gani, amma duk da haka aka ga kora ta yi tsanani.

Kawu, Nima: Ticha, ka taɓo inda yake mini ciwo. Waɗancan an nuna su a talabijin, shi ya sa shugaban ƙasa ya ji labarinsu. Ɗan mai koko a Nima wa zai ji nasa? In ba mu tambaya ba, haka zai zauna a gida ana ce masa ɓarawo a unguwa, shekara uku ta tafi a banza. In bincike ya nuna da hannunsa, wallahi ni zan fara hukunta shi, kuma ni zan biya kuɗin. Abin da nake nema a yi binciken da rana, a gaban uwarsa.

Ticha, Asawase: To kada ka fara da barazanar kotu, za su ƙulle ƙofa. Rubuta wa hedimasta cikin ladabi, ka nemi a ba ku zargin a rubuce, a sake zama da iyaye a wurin, kuma a tabbatar muku zai rubuta jarrabawarsa. Ka riƙe kwafi, ka sa a buga maka hatimin karɓa. In shiru, ka kai wa hukumar gudanarwar makarantar, sannan daraktan ilimi na yankin. Kada uwar ta dangwala hannu a kan wata takardar alkawari sai an karanta mata an fassara.

'Yar Legon: Kawu, turo mini hoton takardar ta akwatina, kada ka sa a nan saboda sunan yaron. Zan tsara wasiƙar yau da dare, gobe in nuna wa wani lauya da nake koyon aiki a wurinsa.

Alhaji, Sabon Zango: Har yanzu ban ga abin da lauya zai yi wanda furfura ba za ta yi ba. Amma ba zan bar ku ku tafi ku kaɗai ba. Litinin bayan asuba ka biyo ta gidana, kuma in mun shiga ofis ni zan fara magana, takardarku ta biyo baya.

Maman Biyu, Madina: In kun je ku nemi ganin yaron da aka yi wa satar. Ku tambaye shi ko yana da abin sayen sabulu zuwa ƙarshen zango.

Kawu, Nima: Za mu neme shi, Mama, in Allah ya yarda. Baba Alhaji, ƙarfe shida ina ƙofar gidanka, da uwar yaron.