Kalcar jini tana dawowa "babu abin da ya tsiro", majinyaci kuwa na ta zazzaɓi: rajistar lab za ta ishe ni bincike?

Rukayya, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekarar ƙarshe a karatun kimiyyar ɗakin gwaji a nan Kumasi, aikin kammalawata kuma a kan cututtukan da majinyata ke ɗauka ne bayan an kwantar da su, na bakteriya da na fangas. Niyyata in ɗauki rajistar lab ta shekara 2 in ƙirga ƙwayoyin da aka samu da magungunan da suke ji. Sai dai galibin kalcar jinin (gwajin da ake renon jini a kwalba a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro) an rubuta babu abin da ya tsiro, fangas kuwa sai ka buɗe shafi da yawa ba ka ga ko ɗaya ba. Babu su ne, ko ba a kama su ne? A taimaka min da abin da zan duba.

Malam Isufu, Nima:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Rajista tana gaya miki abin da ya iso lab ne kawai, ba abin da ke jikin majinyaci ba. Kafin ki ƙirga komai, ki bi jinin tun daga hannun mai shi.

Fara da yawansa. A jinin babba ƙwayoyin ba su da yawa, wani lokaci ko ɗaya ba za a samu a mililita guda ba. Shi ya sa kowace kwalba take son mililita 8 zuwa 10, kuma a ɗauki saiti biyu daga jijiya biyu daban, kwalba huɗu ke nan, kusan mililita 40. Abin da aka fi yi kuwa shi ne a zuba mililita 2 ko 3 a kwalba guda, a raba ragowar zuwa gwajin maleriya da na ƙirgar jini. Wannan kwalbar idan ta ce babu, ba ta faɗi komai ba. Jariri kuwa ana neman akalla mililita 1 a kwalbar yara. Hanya mai sauƙi ta gane hakan: ki auna nauyin kwalba kafin ta fita da bayan ta dawo, kowane giram ɗaya kusan mililita ɗaya ne.

Sai lokaci. Idan aka riga aka yi allurar antibayotik irin ceftriaxone sannan aka tuna da kalca, an rage damar tsirowa ƙwarai. Fata kuma a goge da chlorhexidine mai sifirit, a bari ta bushe daƙiƙa 30, kar a sake taɓa wurin don laluben jijiya. Kar a ɗiba daga kanular da ta kwana a hannu. Kwalba ba ta shiga firiji. Ta isa lab cikin awa 2 zuwa 4, ta shiga inkubeta mai ɗumin digiri 35 zuwa 37, kwana 5 a na'ura irin BACTEC, kwana 7 idan da hannu ake dubawa. Ki nemi takardar da ake rubuta ɗumin inkubeta kullum, domin daren da dumsor (ɗaukewar wutar lantarki) ya yi aiki kuma janareta bai tashi ba, a nan zai fito.

Idan kin ga Staphylococcus marar kowagules (bakteriyar da ta saba zama a fatar mutum) a kwalba ɗaya cikin huɗu, dattin fata ne, ki cire shi daga lissafi. Lab mai kyau irin wannan gurɓacewa ba ta wuce kashi 3 cikin 100.

Kuma rajista ba za ta nuna miki ranar da aka kwantar da mutum ba. Ba a kiran cuta ta asibiti sai ta bayyana bayan awa 48 da kwanciya, don haka dole ki haɗa da fayil ɗin majinyaci. Wannan kuma sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku da na asibitin, ki cire sunaye ki sa lamba.

Dokta Mariyama, Asawase:
Malam Isufu, Allah ya ƙara sani, amma a kan Staphylococcus ɗin nan ina da gyara. A babba haka ne. A ɗakin jarirai bakwaini, ko ga wanda aka sa wa roba a babbar jijiya, shi ne ma kan gaba wajen haddasa cutar gaske. Rukayya, kada ki zubar. Ki ware su, ki duba ko an maimaita an sake samu, da awa nawa kwalbar ta ɗauka kafin ta nuna.

Batun fangas kuma, 'yata, ba rashinsa ba ne. Ko an yi komai daidai, kalcar jini tana kama kusan rabin masu Candida (fangas nau'in yisti) a cikin jiki ne kawai. Aspergillus kuwa, wani fangas ɗin, kusan ba ya tsirowa a kalcar jini sam. To ki haɗa wannan da kwalba mai mililita 2.

Ga waɗanda za ki sa wa ido: wanda ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman, wanda aka yi wa tiyatar hanji, mai ciwon suga, jariri bakwaini, mai robar babbar jijiya, da duk wanda ya yi kwanaki yana karɓar antibayotik mai faɗi amma zazzaɓi ya ƙi sauka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ga yisti a jini a ce datti ne. Candida a jini ba ta taɓa zama datti. Ana cire robar jijiyar, a duba ƙwayar ido, a riƙa maimaita kalca har ta fito fes, sannan a ƙirga kwana 14 na magani daga ranar. A fitsarin mai robar fitsari ko a majina kuwa akasin haka ne, galibi zama kawai take yi, sauya robar ya fi ba da magani.

Ki lura da yadda ake rubuta sakamako. Idan "Candida" kawai aka sa, ba nau'i, bincikenki ya gurgunce, domin Candida krusei ba ta jin maganin fangas na fluconazole tun asali, glabrata ma sai a hankali. Candida auris, wadda aka fara bayyanawa a Japan a 2009, kayan gwajin gargajiya kan ba ta sunan wata, sai na'urar MALDI-TOF ko gwajin ƙwayar halitta. Tana maƙalewa a gado da kayan aiki na makonni. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin mafi haɗari tare da Candida albicans da Aspergillus fumigatus da Cryptococcus neoformans. Ki adana duk yistin da kika samu a gilisarol cikin firiza, ki tambayi cibiyar bincike ta KCCR da ke harabar jami'ar KNUST a Kumasi ko cibiyar bincike ta Noguchi a Legon, Accra, ko za su tantance miki.

Wani gungu da rajistar kalca ba ta gani ko kusa: mai tari da jini bayan ya gama maganin tarin fuka, na'urar gwajin tarin fuka ta GeneXpert ta ce babu, a sake ɗora shi kan magani. Wasu cikinsu Aspergillus ne ya zauna a ramin huhu, gwajinsa kuma na garkuwar jini ne.

Rukayya, Aboabo:
Na gode Malam, na gode Hajiya Dokta. Wata 4 kawai nake da su. In bar rajistar in koma tattara sababbin samfura?

Alhaji Bashiru, Tafo:
A'a 'yata, wata 4 ba ya ɗaukar duka. Ki riƙe rajistar, amma ki taƙaita: ɗaki ɗaya ko biyu, misali na tiyata da na jarirai. Akwai ma'auni da za ki jingina da shi, binciken 2016 a asibitoci 10 na Ghana, wanda ya samu kusan 8 cikin kowane majinyaci 100 da cutar asibiti, ciwon wurin tiyata ne kan gaba.

Wajen jadawalin jin magani, ƙa'ida biyu. Ƙwayar farko kawai ake ƙirgawa ga kowane majinyaci, in ba haka ba mutum ɗaya da aka yi wa kalca sau biyar zai kumbura miki lissafi. Kuma kar ki fitar da kashi cikin ɗari ga nau'in da bai kai 30 ba, rubuta adadin yadda yake. Manhajar WHONET kyauta ce, tana yin wannan tacewar.

Ga bakteriyar Klebsiella da E. coli, duba ko an tabbatar da ESBL, wato sinadarin da ƙwayar ke fitarwa yana karya magunguna irin ceftriaxone: faifan cefotaxime ko ceftazidime shi kaɗai, da wanda aka haɗa da clavulanic, idan da'irar da ƙwayar ba ta tsiro ba a kewayen faifan ta ƙaru da milimita 5 ko fiye, ceftriaxone ba zai yi aiki ba. Tambayi kaurin Mueller-Hinton, wato abincin ƙwayoyin da ake zubawa a farantin gwajin, milimita 4 ake so, mai sirara yana faɗaɗa da'ira ya nuna magani na aiki alhali ba haka ba. Sannan ki sa layi guda a fom ɗinki: me majinyaci ya sha kafin zuwa. Mutanenmu na zango sai sun gama da kemis ɗin bakin layi suke zuwa asibiti, kuma ba sa faɗa sai an ce su kawo kwalin.

Malam Isufu, Nima:
Na karɓi gyaran Hajiya. Rukayya, ƙara mako 2 na auna kwalabe a kan abin da Alhaji ya tsara. Sikeli kawai kike bukata, kuma shi zai fassara duk "babu abin da ya tsiro" ɗin da ke rajistarki.