Kare da mushe: ɓuya yake yi ko labari yake kaiwa?

Baba Maharbi: Jiya karena ya yi birgima a kan mushen akuya a bayan gari, yara suna ta toshe hanci. Na ce musu dabarar farauta ce. Warin jikinsa yake rufewa don kada gada ko zomo su shinshino shi. Haka muka gada daga iyayenmu.

Malama: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. A 1986 an gwada kyarketai, dangin kare na daji, da ke cikin shinge a Kanada, aka ajiye musu wari iri-iri. Da ɓuya suke nema, da kashin tumaki da na doki za su shafa, tunda shi ne ba zai firgita naman daji ba. Sai suka bar shi, suka kwanta a kan turare da baƙin mai da kashin masu cin nama. Wace barewa ce za ta ji warin mai cin nama ta tsaya?

Baba Maharbi: 'Yata, na shinge daban, na dawa daban. Wanda ake kai wa abinci har gabansa, me ya sani game da yunwar daji?

Dakta: Nan ka yi gaskiya, Baba. Sai dai kai ka fi mu sanin yadda kare ke kama nama. Damisa ce ke laɓewa. Shi kora yake yi har dabba ta gaji, kuma mai kora ba ruwansa da ɓuya. Ni na fi karkata ga cewa labari yake kai wa 'yan'uwansa. An gwada kuraye a jihar Kalifoniya ta Amurka: wadda ke ɗauke da warin mushe, sauran sun fi taruwa a kanta suna shinshinarta. Ku lura da inda kare ke gogawa ma, wuya ne da kafaɗa.

Ɗan'auta: Ni fa gani nake daɗi kawai yake ji. Hancinsa na iya kaiwa ƙwayoyin jin wari miliyan 300, namu wajen miliyan 6. Abin da muke kira ɗoyi, shi a wurinsa ai turare ne.

Malama: Jin daɗin ma akwai abin da ya haifar da shi, ƙanena. Shi muke nema.

Dakta: Baba, don Allah a wanke shi da sabulu kafin yara su taɓa shi. Ba a san abin da ya kashe akuyar ba.

Baba Maharbi: An wanke shi tun jiya. Ban sauka daga maganata ba. Amma tsakani da Allah, da ya shigo gida sauran karnukan uku sun kewaye shi suna shinshinar wuyansa, kuma kafin magariba biyu sun nufi bayan gari.