Filin golf na bakin teku a Sukotland: wanne za a je?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Ina da hutu a watan Yuni, ina so in buga a filin bakin teku, irin waɗanda ake gasar Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, a kansu. St Andrews ko Carnoustie?

Kawu: Wa alaikumus salam. St Andrews mana, ai ba a tambaya. Can ne aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, duniya ta bi.

Injiniya: Kawu, a yi hankali. Ni wani dillalin tafiye-tafiye ya karɓi kuɗina da alkawarin Tsohon Fili (Old Course, wanda ake gasar Open a kansa), na sauka daga jirgin ƙasa a Leuchars ina ta murna, sai ga sunana a Sabon Fili. Na kira shi, wai ai duk St Andrews ne. Sabon ma ba laifi, Old Tom Morris ne ya tsara shi, an buɗe shi a 1895, amma ba shi na biya ba. Tsohon yana da ƙuri'ar samun gurbin wasa da ake shiga kwana biyu kafin ranar, kai da abokin wasa, kuma sai da shaidar handikaf, wato takardar da ke nuna matakin iya wasanka. Ka shiga da kanka. Sannan kada tsarinsa ya ruɗe ka: daga wurin bugun farko shimfiɗe yake, babu bishiya, amma ramukan yashi 112 ne, da yawa ba ka ganinsu sai ƙwallo ta faɗa. Na rami na 14 har Jahannama suke ce masa.

Hajiya Maman Sadiq: A'uzubillahi. Da kuɗinku?

Autan Zaure: Yashi kuma? Ku zo garinmu, kyauta ne.

Kawu: Auta, bari manya su yi magana. Tiger Woods ya ci gasar Open ta 2000 a can, ko sau ɗaya bai shiga yashin ba.

Malam: Ni dai Carnoustie. Ya fi wuya nesa ba kusa ba. Rafin nan Barry Burn da ke lanƙwasa a ramin ƙarshe shi ya cinye ɗan wasan Faransa Jean Van de Velde a gasar Open ta 1999. Bugu shida kawai yake nema a ramin ya ci gasar, ya yi bakwai, har da naɗe wando ya shiga ruwa. Paul Lawrie ya ɗauke kofin.

Injiniya: Malam, rafin ne ya cinye shi ko taurin kai?

Malam: Kai da dillali ya cinye fa?

Hajiya Maman Sadiq: Ku bar faɗan. Baban Khalifa, in da iyali za ka, ranar Lahadi ba a wasa a Tsohon Fili, kowa na shiga yawo. Yara sun yi hoto a kan gadar Swilcan.

Baban Khalifa: Madalla Hajiya. Rigar ruwa fa, a Yunin ma?

Kawu: Har da ta sanyi.

Autan Zaure: Wai har yanzu ba a turo lambar mai kilishin nan ba?