Yawan maimaici ne ke kafa karatu a ka?

Alaramma: Ni dai maganata ɗaya ce, karatu ba ya zama sai da maimaici. A biya sumuni sau arba'in har harshe ya saba, ya zauna ke nan.

Malamar sakandare: Allah gafarta Malam, ido na kan shafi ake maimaicin, ko an rufe? Nan gizo ke saƙar. In ido ya saba da shafi, ɗalibi sai ya ji kamar ya iya, alhali ganewa kawai yake yi, a ce ya kawo da ka sai ya tsaya. A 2006 wasu masu bincike biyu, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan a Amurka. Wasu ɗalibai suka yi ta karanta rubutu, wasu suka karanta a zama ɗaya, sannan suka rubuta abin da suka tuna sau uku. Bayan minti 5 masu maimaici ne a gaba. Bayan mako ɗaya sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, masu tunowa kashi 61.

Alaramma: Malama, ai ba a wanke allo sai yaro ya kawo da ka, wannan ba baƙo ba ne a tsangaya. Abin da nake tsoro shi ne gaggawar rufe shafi. Yaron da bai ƙoshi da kallo ba zai haddace kuskuren wasali, kuma cire shi ya fi sabuwar hadda wuya.

Malamar sakandare: Wannan gaskiya ne. Shi ya sa da ya kawo da ka, nan take zai buɗe ya duba, ya sa alama inda ya yi tuntuɓe. Sai ya sake gwadawa gobe, bayan kwana 3, bayan mako, bayan wata.

Likita: Malamai, kun bar barci a baya. A cikinsa ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Mai kwanan zaune da kofi ko goro kafin jarrabawa, karatun ya shiga amma bai kafu ba. Babba na buƙatar aƙalla awa 7.

Alaramma: Barci na yarda, Likita. Tazarar Malama ce ban karɓa ba a hadda. Ayoyi masu kama da juna suna cakuɗewa in an bar su kwana 3. Sabon sumuni kullum ake biya shi har ya nuna, sannan ya shiga tilawa.